Rishon da Ya Ƙi Tukunyar Baba

Da butel ɗin gas, wato tukunyar gas ta girki, a hannu Khaulat ta fara ganinsa, butel ɗin kuwa fayau yake. Shekarun nan ne da rikicin arewa da na yamma suka kwaso mutane suka jibge a birnin Douala, komai ya yi tsada, gas ya zama sai wane da wane. Tun safe take zagaya unguwarsu ta New Bell, duk shagon da ta leƙa sai a girgiza mata kai. Ta haƙura ta doshi gida ta bakin kasuwa, sai ta tarar da mutane sun yi cincirindo a ƙofar wani shagon kayan lantarki.

Wani dogon saurayi ne a tsakiya yana talla. Ya shimfiɗa takardar jarida a kan wani baƙin risho mai fuskar gilashi, ya ɗora tukunya da ruwa a kan takardar, ya danna maɓalli. Babu harshen wuta, babu hayaƙi. Kafin mai gyaɗar da ke gefe ta gama auna wa wani, ruwan ya soma tafasa. Ya sauke tukunyar ya ɗaga takardar sama, ko dishi-dishi ba ta yi ba.

"Dabo ne," in ji Khaulat. A zatonta a hankali ta faɗa.

Ya juyo ya dube ta, ya ɗan daɗe yana duban fiye da yadda talla take buƙata. Sannan ya ce ba dabo ba ne, ta matso ya yi mata bayani. Hausarsa irin ta mutanen garin Marwa ce, can arewa, Fulatanci yana leƙowa ta ƙarƙashinta.

Ya ce duk murhun da ta sani, na itace ne ko na gawayi ko na gas, har da tsohon rishon lantarkin nan mai yin jajur, shi ne yake fara yin zafi. Sai ya miƙa wa gindin tukunya, tukunya ta miƙa wa abinci, a hanya wani zafin ya watse cikin iska, shi ya sa mai girki take jiƙewa da gumi. Wannan kuwa shi kansa ba ya yin zafi. A ƙarƙashin gilashin akwai wayar jan ƙarfe a naɗe kamar faifai. In lantarki ya bi ta cikinta yana kai da komo, sai ta zama mayen ƙarfe mai juyi da sauri, ta motsa ƙarfen tukunyar, tukunyar ta haifi zafinta da kanta. Takarda ba ƙarfe ba ce, don haka babu ruwansa da ita. Ɗan ɗumin da ake ji a gilashin ma daga tukunyar ya aro shi.

Khaulat ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce duk da haka dabo ne. Ya yi dariya, ya ce sunansa Nasrullahi, kuma maƙwabcinsa yana sayar da gas, ta bar lambarta in ya iso a sanar da ita. Ta san ƙarya ce irin ta samari, ta kuma bayar.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo:

"Assalamu alaikum. Gas bai zo ba. Na ce dai in sanar da ke, kada ki ji shiru. Mai Dabo."

Ta rubuta masa: "Wa alaikumus salam. Na gode da wannan babban labari. In gobe ma bai zo ba, ka sanar da ni."

Ya kuwa sanar da ita. Haka aka yi ta yi, gas yana ƙin zuwa, saƙo yana zuwa, har aka daina ambaton gas ɗin gaba ɗaya. Ta san cewa mahaifinsa ya rasu a Marwa, shi kuma ya biyo kawunsa Hamadu lokacin da hanyoyin can suka daina biyuwa. Ya san cewa ita ce autar Malam Ɗantani, kuma ba ta son a kira ta da rana tsaka. Yana kiranta Hajiyata, ita kuwa Mai Dabon nan ya bi shi. Khaulat ta so shi, so mai tsanani, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba.

Malam Ɗantani mai zubin tukwane ne. Kakansa ya zo daga Kano, shi a New Bell aka haife shi, a nan yake narka tsofaffin gwangwanaye da kayan mota ya zuba a yashi, ya fito da tukwanen dalma irin waɗanda mutanen gari ke kira makokot. Yana da al'ada guda wadda duk unguwa ta sani. Ba ya aurar da 'ya sai ya zuba mata jerin tukwane da hannunsa, da sunanta a kan murfi, kuma a cikinsu take yin girkinta na farko. Yayyen Khaulat duk haka aka yi musu. Ita ma tun tana ƙarama ta san ba za ta bar gidan nan ba sai da tukwanensa da albarkarsa, a wurinta kuma abu ɗaya ne.

Nasrullahi ya san sana'ar tsohon. Ya ci tuwo daga tukunyarsa ba sau ɗaya ba. Amma mai so kansa ba ya haɗa biyu da biyu, ranar da ya zo gaisuwa tare da Kawu Hamadu sai ya zo wa Inna Hajjo, mahaifiyar Khaulat, da rishon nan a kwali, don ya ga tana wahala da gawayi.

Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce ai yau a kansa za a dafa wa baƙi shayi. Aka jona shi a tsakar gida, Malam yana zaune da abokansa biyu, maƙwabta suna leƙe. Ta ɗauko tukunyar da ta fi ji da ita, wadda Malam ya zuba mata shekarar aurensu, ta cika ruwa ta ɗora. Rishon ya yi ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, ya mutu. Ta sake dannawa, ya sake. Ta sauya wata tukunyar, haka. Khaulat tana bayan labule tana kallo.

A nan ne hali na kasuwa ya ci Nasrullahi. Ya tashi da sauri, ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu kamar yadda yake yi wa masu saye, ya manna a gindin tukunyar. Mayen ya faɗo ƙasa. Ya ce rishon ba ya ganin dalma, sai ƙarfen da maye yake kamawa. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Sai ya ƙara da abin da bakinsa ya saba faɗa kullum a shago.

"Babu damuwa, Inna. Waɗannan lokacinsu ya wuce, sai a sayi tukwane na kirki."

Magana zarar bunu ce. Kawu Hamadu ya sunkuyar da kai. Abokan Malam suka shiga duban ƙafafunsu. Malam Ɗantani bai ɗaga murya ba, ya sa aka dafa shayin a kan gawayi, aka sha, aka yi addu'a. Bayan baƙi sun fita ya kira Khaulat, ya ce a mayar wa yaron nan da kayansa. Ya ce shi ba ya yi wa 'ya dole, ta zaɓi wanda take so a duk faɗin Douala, amma ba zai sa albarka ta shiga gidan da tukunyarsa za ta zauna a kan kantar ɗaki tana tara ƙura ba.

Ta yi kuka, ta gaji, ta ɗauki waya ta rubuta wa Nasrullahi.

"Ka san da me aka ciyar da ni har na girma? Da waɗannan da lokacinsu ya wuce."

Amsa ta zo nan take: "Hajiyata, wallahi ban nufi haka ba. Gaskiyar yadda rishon yake aiki na faɗa. Pardon."

"Na san gaskiya ka faɗa. Kada ka ƙara kira na."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙonni, ta karanta duka, ba ta amsa ko ɗaya ba. Haushinsa take ji da gaske, kewarsa kuma ta hana ta sakat.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hamman, ɗan wata ƙawar Inna da ke da shagon gas a unguwar Bonamoussadi, ya ji labari, sai ga butel cike a ƙofar gida, a lokacin da masu mota ma suke bin layi. Bayan butel sai ga mai butel da kansa, cikin shadda da turare. Ba shi da wani aibu, mutumin kirki ne, sai dai in ya fara zancen yadda ake samun kaya daga tashar jirgin ruwa ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya ɗauki tukunyar Malam ya ƙwanƙwasa, ya ce ai babu kamar kayan gargajiya. Malam ya dube shi ya ce madalla. Inna ta fara cewa Khaulat ta duba lamarin, mace dai wuta take nema a murhu. Khaulat takan fito ta gaishe shi, ta zauna daidai gwargwadon ladabi, ta koma ɗaki.

Rishon kuwa yana nan a bayan ƙofa, kowa yana jin nauyin ɗaukarsa. Ranar da Malam ya yi tuntuɓe da kwalin ya ce har yanzu abin nan yana gidana, Khaulat ta tare babur ta kai shi shago da kanta.

Ta sami Nasrullahi ya rame. Ta ajiye kwalin a kan kantar shagon. Don kada su haɗa ido sai ta kai hannu kan wani kaskon suya da ke rataye, ta ɗaga shi. Ta tashi a cikin dalma, ta san nauyinta a hannu kamar yadda ta san muryar Inna.

"Wannan ai dalma ce," ta ce.

"Ita ce."

"Kuma rishonka yana karɓarta?"

Ya juya kaskon ya nuna mata gindinsa. An manna wani siririn faifan ƙarfe mai huji-huji, dalmar ta ɓullo ta cikin hujojin ta riƙe shi. Ya ce faifan ne rishon yake gani. Shi yake yin zafi, sannan ya miƙa wa dalmar irin miƙawar da aka saba, dalma kuwa ta fi kowa saurin baza zafi. Yana cikin bayanin sai ya tsaya, don ya ga inda tunaninta ya nufa, ya kuma ji kunyar bai riga ta ba.

"Khaulat, ki yafe mini. Na yi wauta a gaban Baba."

"Ka yi. Ba ni wannan kaskon."

"Kin yafe?"

"Kaskon na ce, Mai Dabo."

Jin sunan kaɗai ya ishe shi. Ya naɗe mata kaskon a takarda.

Khaulat ta san mahaifinta. Da ta kai masa kaskon ta ce ga shawara, da ya ce ta mayar. Sai ta soya masa ƙwai a ciki da safe, ta wanke, ta kife shi a kan turmi kusa da inda yake alwala. Malam ya zo ya wuce. Ya dawo ya tsaya. Ya ɗauka ya juya, ya sa farce ya bi hujojin, ya yi tsaki. Da zai fita maƙera kaskon ya bi shi a ƙarƙashin hammata, ba wanda ya tambaya.

Kwanakin da suka biyo baya ya riƙa dawowa a makare, fuska a ɗaure. Ta wurin Inna Khaulat ta ji cewa yana yanko faifai daga tsohon ƙarfe yana kwantar da shi a gindin yashin kafin ya zuba dalma. Na farko ya ɓalle da tukunyar ta huce. Wani ya karkace. Wani dalmar ta rufe shi ruf. Inna ta ce mutumin nan ya bar aikin da ake jira yana wasa da ƙarfe, Khaulat ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsinke alayyafo.

Wata ranar Asabar bayan azahar Malam ya shigo da wata ƙaramar tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya ajiye, ya yi magana yana kallon bango.

"Ki gaya wa mai rishon nan ya kawo abinsa. Ba shi nake nema ba, abin nake nema."

Khaulat ta rubuta wa Nasrullahi: "Baba ya ce ka kawo rishon. Ka bar mayen ƙarfenka a shago, ka bar bakin talla tare da shi."

"Ga ni nan, Hajiyata. Ki yi mini addu'a."

Ya iso da la'asar cikin gumi, ya durƙusa ya gaida Malam, ya jona waya. Aka cika tukunya da ruwa aka ɗora. Ya kai yatsa zai danna ke nan, fankar ɗakin Inna ta yi wani nishi ta tsaya. An ɗauke wuta.

Babu abin yi sai jira. Mutanen biyu suka zauna a tabarma ɗaya, rishon a tsakaninsu, tukunya a kansa. Khaulat ta samu aikin da zai tsayar da ita a bakin madafa, inda take jin komai.

Can Malam ya tambaye shi, in aka yi irin haka matarsa tana tsakiyar tuƙa tuwo, me za ta yi? Nasrullahi ya ce sai ta hura gawayi ta mayar da tukunyar kai, shi ya sa ma rishon ba zai taɓa korar murhu daga New Bell ba. Malam ya ce ashe ya sani. Nasrullahi ya ce ya sani, ranar nan ne bakinsa ya riga hankalinsa.

Sai Malam ya yi maganar da Khaulat ba ta taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya ga inda duniya ta dosa. Waɗanda ya koya wa zubi duk sun watse sun koma tuƙa babur. Matan da iyayensu suka yi girki da tukwanensa yanzu masu ƙyalli suke nema. Ya san wannan tun kafin a haifi rishon nan. Abin da bai zata ba shi ne wanda zai ba wa 'yarsa ya zo ya faɗa masa a tsakar gidansa, a gaban matarsa.

Nasrullahi bai kare kansa ba. Ya ce, "Baba, na yi laifi. Mahaifina ya rasu ban gama koyon zama a gaban manya ba, kasuwa ce ta ƙarasa rainona. In ka hana ni Khaulat ban ce ka zalunce ni ba. Amma ina sonta, kuma ba zan ɗauke ta daga hannunka ba sai ka miƙo."

Khaulat ta ajiye ludayin da ke hannunta.

Malam ya jawo tukunyar, ya zubar da ruwan a gindin bishiya, ya juya ta ya nuna wa saurayin gindin. Ya tambaye shi ko faifan ya yi kauri. Nasrullahi ya duba da kyau, ya ce a ganinsa faɗi ne bai kai ba, rishon yana so ya ji ƙarfe ya rufe da'irar wayar. Malam ya ce da an faɗaɗa zai ɓalle. Nasrullahi ya ce ko a ƙara hujoji. Malam ya ce ya gwada, sai dai a lanƙwasa bakin faifan ya shige cikin dalmar. Suka duƙufa a kai, kai da kai, suna musu a hankali, har inuwa ta cinye tsakar gidan.

Aka kira magariba wuta ba ta dawo ba. Malam ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki buta.

"Ka gaya wa kawunka ya zo ranar Juma'a, a tsayar da magana."

Nasrullahi ya ɗago kai. "Baba, ai ba mu gwada ba tukuna."

"In ta ƙi sai in sake zubi. Wannan aikina ne. Kai dai ka riƙe mini ita da amana."

Ya fita masallaci, saurayin ya bi bayansa yana tuntuɓe da takalmi. Khaulat ta zauna a kan kujerar madafa ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan daɗi, Inna tana tsaye a kanta tana cewa to, yanzu wa zai gaya wa Hamman.

Tukunyar ranar nan da aka gwada ta washegari ta yi zafi, amma a hankali, kamar ana roƙonta. Sai a zubi na gaba ne ruwa ya tafasa yadda ake so. Hamman ya karɓi labari da mutunci, ya aiko da butel ɗaya na gudummawa.

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa bayan damina ta yi sauƙi. Da za a kai amarya ɗakin da ango ya kama a unguwar Ndogpassi, aka jera tukwanen a tsakar gida daga babba zuwa ƙarama, kowacce da faifan ƙarfe a gindi da sunan Khaulat a murfi, mata suna ɗagawa suna leƙen ƙasansu. Wayarta ta yi motsi a cikin lulluɓi, ta faki ido ta duba.

"Hajiyata, na share ɗaki sau uku. Na sayi gawayi ma, saboda halin wuta. Ki zo."

Ba ta samu damar amsawa ba, aka ce ta je ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa a gabansa. Malam Ɗantani ya ɗora mata hannunsa mai tabon ƙuna a ka, bai ɗauke ba har Inna ta ce Malam mota tana jira.

"Na yafe miki duniya da lahira, auta," ya ce. "Ki bi mijinki, shi ma ya bi Allah a kanki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya sa kada tukunyarki ta kwana babu abin da za a zuba mata."

Mata suka amsa da amin, aka ɗaga ta, yayyenta suka ɗauki tukwanen suka yi gaba.